Bencunan Aji Huɗu

Ranar da aka koma makaranta bayan zaɓe, Malama Mansura ta tarar da ƙyauren aji huɗu a jingine da bango. A ciki kuwa babu benci ko ɗaya da ke tsaye da ƙafafunsa. A ajinta aka ajiye akwatin zaɓen unguwar, kamar yadda aka saba, a nan kuma aka ƙirga ƙuri'u. Da ƙirga ta zo ƙarshe, 'yan jam'iyya mai alamar tulu suka ce sun ci, 'yan jam'iyya mai alamar tsani suka ce ƙarya ne, kowa ya rarumi abin da ya fi kusa da hannunsa. Bencuna ne suka fi kusa.

Ita ba ta ga komai ba. Tun jajibirin zaɓe ta bar Birnin Kebbi ta tafi gida Argungu, ta zauna tana taya mahaifiyarta bandar kifi. Ba ta yi zaɓe ba, ba ta kuma taɓa yi ba. Abin da take faɗa kullum shi ne ita da siyasa hanya ba ta haɗa su ba.

Ta sami hedimasta, Malam Nasrullahi, a ofishinsa.

"An sanar da na sama," in ji shi.

"Sunka ce mi?"

"Sun ce sun ji."

Yara suka koma zaman ƙasa, kowa da buhun da ya ɗauko daga gida. Da rani ne kaɗai da an lallaɓa. To amma aji huɗu a gangare yake, ruwan farko in ya sauka ta ƙofa yake shigowa ya kwanta har idon sawu. Shekarun baya yara sukan ɗage ƙafa a kan benci a ci gaba da karatu. Bana hedimasta ya faɗa mata a fili: in damina ta faɗi babu bencuna, za a sallami ajin sai kaka. Zango guda ke nan ya tafi, ga yaran da sai yanzu wasunsu suka fara haɗa baƙi.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Yari, shugaban 'yan Tulu na mazaɓar, da a-kori-kura cike da sababbin bencuna. Katako ne mai kyau, aikin ma ba laifi. An shafe su da shuɗin fenti, launin jam'iyyarsa, a tsakiyar kowanne kuma an zana farin tulu. Aka ɗauki hoto, hedimasta ya yi godiya, yara suka yi tafi. Mansura ta dubi tulun, ta dubi sama wajen gabas.

Washegari rabin ajin suka shigo da buhunansu, suka wuce bencunan, suka shimfiɗa a ƙasa.

"Lafiya?" ta tambaye su.

"Inna ta ce in munka zauna kai sai ta yanke muna ƙafa."

Ba sai an gaya mata daga inda umarnin ya fito ba. Da aka tashi ta nufi gidan Kulsumi mai turara shinkafa, shugabar matan Tsani, wadda aka fasa wa ƙane kai ranar ƙirga. Ta same ta a bakin murhu, tana juya shanshera, shinkafar da ba a sussuke ba, a rabin ganga.

"Inna Kulsumi, katako ne fa. Katako ba ya zaɓe."

"Awo, ba ya zaɓe, amma yana duka. Tahi ki ga kan ƙanena Mujtaba, ɗinki kamar na buhu. Sun sace muna ƙuri'a, sun fasa muna kai, kuma ɗiyanmu su zauna bisa sadakarsu? Malama, ki koyar da su a ƙasa. Mu ma a ƙasa munka yi allo."

"Ruwa na zuwa."

"Shi zo."

Mansura ta tsaya tana kallon tururi. Sai wata dabara ta faɗo mata, ta ji daɗin kanta tun kafin ta furta.

"Ni dai abin da ya ba ni mamaki," ta ce, kamar mai magana da kanta, "wurin da sunka zana tulun. Daidai inda yaro ke aza mazaunai."

Kulsumi ta dakata da juyi. Ta waiwayo a hankali. Sai ta saki muciya ta kwashe da dariya har tana dafa bango, tana kiran maƙwabciyarta ta kan katanga ta zo ta ji.

Kashegari babu buhu ko ɗaya a aji huɗu. Kowa na kan benci, wasu ma har da jijjiga jiki don su tabbatar sun zauna da kyau. Mansura ta yi darasin ninkawa cikin kwanciyar hankali, ta koma gida tana ganin ashe siyasar ma ba wani wuya gare ta ba.

Kafin mako ya zagayo magana ta zama waƙa. Matan Tsani suna daka suna rera ta, 'yan kabu-kabu suka ɗauka, har ta isa majalisar Alhaji Yari. Ranar Alhamis ana tsakiyar darasi a-kori-kurar nan ta sake tsayawa a ƙofar aji.

"Ku tashi, ɗiyana," in ji Alhaji Yari. "Ba da ku nike ba."

"Alhaji, kyauta fa ka ba makaranta."

"Na ba makaranta, ban ba masu zagi ba. Malama, an ce daga bakinki maganar ta fito. Ashe ke ma tasu ce."

"Ni ba ta kowa ba ce."

"Haka kowa ke cewa."

Aka kwashe bencunan tas. A wannan karon ba a ɗauki hoto ba. Yanzu ajin gaba ɗaya ne a ƙasa, 'yan Tulu da 'yan Tsani, kuma ba kowa ne ya zo da buhu ba.

Ranar Asabar ta hau mota zuwa Argungu. Yayanta Abdussamadu yana gyaran jiragen ruwa na masunta a bakin gulbi, katako da ƙusa ba sa yanke masa. Ta same shi yana toshe wani jirgi, ta zayyana masa komai, ta ce ko guntayen katako ne ya taimaka.

"Ai kin zo gida," in ji shi. "Zan haɗa miki bencunan da ko giwa ta zauna ba su motsi. Sai mu shafa musu ruwan ɗorawa, launin jam'iyyarmu, mu zana tsani a gefe. A gefe fa, ba bisa ba, mu ba wawaye ba ne."

"Yaya, don Allah."

"To mi? Su sun sa nasu."

"Ba na son tsani, ba na son tulu. Wurin zama nike so."

"Kin ji 'yar boko. Ke da katin zaɓenki ke cikin kwallar Inna tare da zannuwan aurenta, ke za ki gaya muna abin da ba ki so? Ranar da mutane ke layi cikin rana kina nan kina juya tarwaɗa."

 A gefensa akwai gwangwanin baƙin fentin da yake shafa wa gindin jirage, mai kauri da warin kwalta. Ta sunkuya ta ɗauka.

"Ke! Ina za ki da shi?"

"Wanga wace jam'iyya ce?"

"Ba ta kowa ba."

"To ya yi."

Ta biya gida, ta buɗe kwallar, ta zaro katin daga ƙarƙashin zannuwa. Hoton da ke jiki ma da ƙyar ta gane kanta.

Makarantar tana da kwamitin iyaye da malamai, a baki. Tun kafin zaɓe bai zauna ba, bayan zaɓe kuwa babu mai ambatonsa, don shugabansa da mataimakinsa ko gaisuwa sun daina. Mansura kanta ba ta taɓa halartar zamansa ba. Ranar taro takan ce kanta na ciwo. Yanzu ita ce ta bi gida-gida da yamma bayan an tashi. A gidan 'yan Tulu aka ce sai in waɗancan ba za su zo ba. A gidan 'yan Tsani ma haka. Ta daina roƙo. Duk inda ta shiga sai ta ce za a yanke maganar bencuna ranar Asabar da hantsi, wanda bai zo ba an yanke ba da shi ba. Kowane ɓangare ya ji tsoron kada ɗayan ya je shi kaɗai.

Hedimasta ya so a yi taron a ƙarƙashin dalbejiya, a kawo kujerun roba daga masallacin unguwa. Ta ce a'a, a aji huɗu za a yi, tunda maganarsa ce. Ba ta kawo tabarma ba.

Suka zo, maza da manyan riguna, mata da mayafai. Suka cika ajin suna dube-dube.

"Ina za a zauna?" in ji Alhaji Yari.

"Inda ɗiyanku ke zama," ta ce. "Bismillah."

Babu wanda ya zauna da farko. Aka fara magana a tsaye, aka koma kan ƙirga, wa ya fara ɗaga benci, wa ya kashe fitila, wa ya shigo da samari daga wata unguwa. Mansura ta jingina da allo ta ƙyale su. Zafi ya yi zafi, hadari ya taso daga gabas ya tsaya bai zubar ba. Tsofaffi suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Yari, mai ciwon gwiwa, ya daure har ya kasa, ya tattare rigarsa ya durƙusa a kan fasasshen siminti, cinnaka ya same shi nan take. Kulsumi ta yi dariya, ita ma ta zauna, ita ma cinnaka ya same ta.

"Wanga wuri ai ba ya zaunuwa," in ji wani dattijo.

"Yau mako nawa ke nan suna zaune," in ji Mansura. "In ruwa ya sauka, nan inda kuke har idon sawu yake kai. Hedimasta ya ce za a sallame su sai kaka. Ba ni da ɗa a ajin nan. Naku ne."

Ta ɗauko gwangwanin daga bayan ƙyaure ta dire a tsakiya. Bencuna suna nan a zauren Alhaji, in ji ta, ba abin da suke yi. A dawo da su, a shafe su baƙi, babu tulu babu tsani. Alhaji ya ba da katako, 'yan Tsani su ba da hannu, su mayar da ƙyaure.

Aka ja magana. Alhaji Yari ya ce sai an daina waƙar. Kulsumi ta ce waƙa ba ta da linzami, amma ita za ta daina. Ya ce to a rubuta sunansa ko a ƙarƙashin benci ne. Aka ce ya rubuta, inda ba mai gani. Sannan aka zo kan sakatare, wanda zai tsaya a kan aikin, ya kuma riƙa kiran taro nan gaba. Duk sunan da wani ɓangare ya kawo, ɗayan ya ture.

"Ga Malama nan," in ji Kulsumi. "Ku dubi yatsanta, ko ɗigon tawada bai taɓa gani ba. Ƙanwar Abdussamadu namu ce, na sani, amma ita ko layi ba ta taɓa shiga ba."

"Haka ne?" in ji Alhaji Yari. Ya dube ta da wani sabon mutunci. "Ashe na zalunce ki. To ai ita ce daidai. Ba ta san komai ba, ba ta da kowa."

Aka ɗaga hannu, ɓangarorin biyu, babu wanda ya ƙi. Tun ranar zaɓe wannan ne abu na farko da unguwar ta yarda da shi baki ɗaya: cewa Malama Mansura ba ta da amfani ga kowa. Ta ji kamar ta ɗauki gwangwaninta ta fita. Ta dubi hadarin ta taga, ta ce ta karɓa.

"Amma ku sani," ta ce, "Litinin zan je a maido min da katina nan mazaɓar. Zaɓe mai zuwa a layinku zan tsaya."

"Wa za ki yi?" Kulsumi da Alhaji suka tambaya kusan tare.

"A kawo bencuna kafin la'asar."

An kawo su. Samarin da suka karya na da, su aka sa shafa fenti, Mujtaba da ɗinkinsa a ka yana riƙe da gwangwani. Abin da Abdussamadu bai gaya mata ba, ita kuma ba ta tambaya ba, shi ne fentin jirgi ba ya bushewa da wuri. Aka jingine bencunan su sha iska, yara na ƙasa, har ruwan farko ya sauka ranar Laraba, ya shigo ta ƙarƙashin ƙyaure ya kwanta inda ya saba. Yara suka ɗage ƙafa a kan baƙaƙen bencuna, aka ci gaba da ninkawa, ajin na warin bakin gulbi. Da aka tashi, kowane yaro ya fita da baƙin tambari a bayan kayan makarantarsa.

Da safe ta tarar da iyaye a ƙofar aji, Kulsumi a gaba da wandon ɗanta a hannu, matar Alhaji Yari a gefenta da siket ɗin 'yarta, suna nuna wa juna tabon suna jinjina kai.

"Malama sakatariya! Wa za ya biya muna wanga?"

Mansura ta buɗe ƙyauren, ta matsa yara su wuce.

"Akwai taro ranar Asabar," ta ce. "Ku zo da wuri, ku sami benci."