Gayya a Gonar Gwaji

Dakta Fa'izu na fitowa daga mota ya tsaya cak. Gonar gwajin da ke kusa da Watari ta yi fes, kamar an share ɗakin amarya.

Shekara uku ke nan yana bincike kan wuta-wuta, ciyawar nan mai kashe dawa, tare da Farfesa Ingrid ta wata jami'a a Jamus. An raba gonar biyu: ɓangare guda ana sa masa sabon magani, ɗayan kuma a bar shi da ciyawarsa don a ga bambanci. Bana ce damina ta ƙarshe. In sakamakon ya lalace, zumuncin jami'o'in biyu ya tsinke, kuma shi kaɗai ya san wuyar da ya sha kafin ya ƙulla shi. Ga Farfesa a bayansa da malafarta, ta zo gani da ido.

Baba Sabo, mai gonar, ya tarye su baki har kunne.

"Baba, ina wuta-wutar?" in ji Fa'izu.

"Mun tuge ta tas, Malam. Da na ji baƙuwa na tafe, sai na kira gayya, samarin gari suka taya ni. Har taki muka zuba."

"Ai na ce kada a taɓa wannan ɓangaren."

"Ka faɗa. To amma baiwar Allah ta taso tun daga Turai, ta tarar da gonata kamar ta marayu? Me za ta je ta faɗa a kan garinmu?"

Fa'izu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya juya ya fassara mata, ba ƙari ba ragi, ya tsaya jiran hukunci.

Farfesa ta daɗe tana duban kunyoyin dawar. Can sai dariya ta kama ta har ta cire tabarau. Ta ce aikin bana dai ya tafi, dole su roƙi ƙarin damina guda, da ma dalilin dawowa take nema.

Fa'izu ya yi ajiyar zuciya, ya sanar da tsohon.

"Madalla," in ji Baba Sabo. "Gaya mata baɗi tun daga shuka za mu tsaya a kai. Ko ƙwaya ɗaya ba za ta gani ba."

Farfesa ta tambaya me ya ce. Fa'izu ya dubi tsohon, ya dubi gonar.

"Cewa ya yi Allah ya kai mu."