Awakin Inno Masu Sunan Turanci

"Wota, fita min daga cikin geron nan, ja'ira!"

Ina wanke-wanke na jiyo muryar Inno Haulatu ta saman danga, na yi dariya har kwano ya kuɓuce mini. Wota akuya ce, ja mai ƙaho ɗaya. Akwai Milik, akwai Fud, akwai wani bunsuru mai ɗan karen wari da aka laƙa wa Sof, wai sabulu.

Ni na jawo wannan aiki. Shekarar da aka buɗe makarantun kyauta aka turo ni koyarwa Kusada, muka kama gida jikin na Inno, tsohuwar mai tallar nono da ƙafa ta zaunar. Ɗanta guda, Sodangi, yana tuƙa tankar mai a Fatakwal. Can ya yi aure, can aka haifa wa Inno jika, aka sa mata sunanta. Wata rana ta kawo mini wasiƙa in karanta mata. Za su zo bayan girbi, amma yarinyar ba Hausa ba Fillanci, Turanci kawai take ji.

"To da mi za mu gaisa da takwarata, Malama Hassana? Da ido?"

Ta ce kullum in ba ta kalma ɗaya. In na ba ta da safe, kafin la'asar ta zube. Sati guda muna haka, ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba, na ce, "Inno, kan nan naki rariya ne."

"Rariya? Shanu saba'in na ubana har yau na san kowace da sunanta. Abin da ba ya amsawa ne ba ya zama a kaina."

Washegari ta sake wa awakinta suna kaf. Da suka ƙare ta koma kan kaji: zakara ya zama Monin, kajin suka zama Kom da Sidon da Tankiyu. Mutanen unguwa suka yi ta tsiya, wai gidan Inno ya koma kwaleji. Ita ko a jikinta, don tun daga ranar ko kalma ɗaya ba ta ƙara ɓace mata ba.

Dawa na fitar da kai ciwo ya kayar da ita. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Aka kai ta asibitin Kankia aka dawo da ita, kowa ya gane ciwon ba na tashi ba ne. Ni kam na tsorata ƙwarai, kullum ina duban gonaki ina jin haushin dawar da ta ƙi nuna da wuri.

"Ba tafiyar ke damuna ba," in ji ta. "Kar dai in tafi da Turancin nan a ciki ban juye wa mai shi ba."

Kowace safiya kafin in wuce makaranta sai ta sa in kora mata dabbobin ta bakin ƙofar ɗaki, tana kwance tana kiran suna.

Ranar wata Laraba da hantsi su Sodangi suka iso. Yarinyar 'yar shekara biyar ce, ta maƙale a bayan zanen uwarta ta ƙi ko leƙowa. Inno ta sa muka jingina ta da bango, ta gyara kallabi, ta miƙa ƙoƙon nono.

"Kom," ta ce. "Sidon. Milik."

Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi tsohuwar, sai ga ta tana takowa. Ta zauna, ta kafa kai, ta ɗago da farin gashin baki, sannan ta ɓarke da Turanci ba ƙaƙƙautawa.

"Malama, mi ta ce?"

"Wai a ƙaro."

Inno ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Sodangi ya juya baya yana share ido da hannun riga.

Kwana tara suka yi tare. Inno ta koya mata sunayen awakin, ita kuma tana nuna abu tana faɗin sunansa, har dabbobin gidan suka ƙare ba wanda za a laƙa wa. Rannan ina zaune, yarinyar ta ɗora yatsa a ƙirjin Inno ta ce, "Giranma."

"Wannan fa, Malama?"

"Ke ce, Inno. Kaka ke nan."

Ta juya kalmar a baki. "To wannan ba sai an sa wa akuya ba. Ni zan amsa."

Ta kuwa amsa, sau nawa ban sani ba, don yarinyar ba ta gajiya da kira. Ranar Juma'a bayan azahar Allah ya karɓi abinsa, cikin sauƙi, ƙoƙon nono na gefen Inno.

Da yamma, bayan maza sun dawo daga kai ta, aka tuna ba wanda ya shigo da awaki. Sodangi ya fita ya yi ta kora, suka watse cikin karan dawa. Sai takwarar Inno ta tsaya a bakin zaure, riƙe da kallabin kakarta, tana kira a hankali. Wota ta fara shigowa, Milik na bin ta, sai Fud, Sof daga can baya yana tafe yana tsinkar ganyen wake.