Ƙugin Lasifikar Imurana

A gidan da muka zauna a unguwar Maamobi, zamanin da kaset yake tashe, akwai wani ɗaki a ƙurya da Imurana ya mayar wurin ɗaukar murya. Ɗan ƙanwar maigidan ne. Ya yi aiki a jirgin ruwa, ya dawo da babbar rikoda da makirfo da lasifika biyu baƙaƙe masu nauyi, ya bi bangon ɗakin ya manna tsofaffin katifu. Masu wa'azi da 'yan makarantar Islamiyya su ne abokan hulɗarsa. Ni kuwa ƙofata tana kallon tasa, ina zaune ina tsince waken waakye, wato dafa-dukan shinkafa da wake, don haka abin da zan faɗa muku a idona aka yi shi.

Wata Alhamis da hantsi Malam Maman ya zo. Mutumin Dogondutsi ne, mai waƙen bege, ya daɗe a unguwar Nima har ba a yin suna ko maulidi ba a kira shi ba. Likita ya ga ƙari a maƙogwaronsa, ya ce ranar Litinin za a yi aiki, kuma bai ɓoye masa ba: da wuya ya sake magana bayan haka. Bai taɓa shiga kaset ba. Yana so ya bar muryarsa kafin a ɗauke ta.

Imurana ya zaunar da shi, ya kunna kaya. Tun kafin Malam ya buɗe baki sai lasifikun suka fara wani ƙugi, zuuu, kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Aka daure aka ɗauki baiti biyu, aka mayar don a ji. Murya na nan, amma ƙugin ya kwanta a kanta.

"Ɗana, wannan rakiyar fa?" in ji Malam Maman. "Ni kaɗai na zo, ban zo da 'yan amshi ba."

"Baaba, ka yi haƙuri. Makon jiya ba ya yi."

Ya cire kaset ɗin ya kawo ɗakina, muka sa a ƙaramar rediyona ko a ce lasifikun ne kawai suke yi. Ƙugin ya shiga kaset. Ya koma ya sauya wayar makirfo, bai daina ba. Ya musanya lasifikar dama da ta hagu. Ya kashe fanka, ya kashe doguwar fitilar silin, suka zauna a duhu suna gumi, abin yana nan. Sai ya fito tsakar gida ya tsaya gaban Amama, mai sayar da ruwan sanyi, wadda firjinta yake kan waya ɗaya da ɗakinsa.

"Anti Amama, ki kashe firjin nan kaɗan."

"In kashe? Ƙanƙarata ta narke don akwatunanka suna kuka? Ka ba su nono mana."

"Saboda Malam ne."

Ta leƙa ta ga wanda yake zaune, ta saki baki, ta je ta zare soket da kanta. Ƙugin bai ko rage ba. Ta mayar da abinta tana cewa firjinta ɗan halak ne, a nemi mai laifi a wani wuri.

Aka kira azahar, maza suka yi alwala suka tafi masallaci. Da suka dawo Imurana ya kunna, sai shiru. Tsit, kamar ba a taɓa yi ba. Suka yi murna suka fara ɗauka, amma kafin a kai tsakiyar waƙa ya dawo, a hankali, yana ƙaruwa. Bayan la'asar ma haka: ya tafi, ya dawo.

To, kun san gidan haya. Kafin magariba kowa ya gama yanke hukunci. Abin da yake gudu in an yi salla, ya dawo in an daɗe da idarwa, ai ba sai an faɗi sunansa ba. Wata ta ce jirgin ruwan da aka ɗauko kayan ne ba shi da tsarki. Amama ta kawo turaren wuta. Malam Maman dai ya ɗauki sandarsa ya ce zai dawo bayan Juma'a, in kuma ba rabo, shi ke nan.

Washegari da safe Imurana ya bar lasifikun a kunne, ƙofa a buɗe, yana bin wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata siririya koriya da ta fita ta tagarsa ta bi bango ta gangara bayan ɗaki. Wayar ƙasa ke nan, wadda ake ɗaurawa a ƙarfe a binne don ta kwashe ragowar wuta. Ƙarfen yana daidai wurin da muke wanke-wanke, kuma nan maza suke tsugunawa da butocinsu su yi alwala. Lokacin famfo ya daɗe bai kawo ruwa ba, daga Kawukudi ake ɗauko shi a ka. Wanke-wanke ya koma cikin roba, ruwan dauraya ma adana shi ake yi don bayan gida. Ƙasar wurin ta bushe ta tsattsage, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta jan wuta.

Yana tsugune yana duba ƙarfen sai maigida ya fito zai yi sallar walaha, ya yi alwalarsa a gefensa. Ruwa ya gangara ya shige tsagar ƙasa. Daga cikin ɗaki ƙugin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya mutu.

Imurana ya miƙe ya je ya ɗauki bokitin ruwan Amama ya juye gaba ɗaya a gindin ƙarfen.

"Kai, chale! Ka san daga inda na ɗauko shi?"

"Ƙishirwa yake ji, Anti. Aljaninku ƙishirwa yake ji."

Ya kankare tsatsar, ya ƙara ɗaure wayar, ya barbaɗa gishiri da gawayi don su riƙe danshi. Bayan Juma'a Malam Maman ya dawo. Muka yi karo-karon ruwa, kowane ɗaki buta ɗaya, aka ajiye ni a bayan taga ina tsiyayawa kaɗan-kaɗan don kada wurin ya bushe. Malam ya yi waƙa har muryar ta ƙi fita, sannan ya ce a mayar masa ya ji.

Wannan karon babu abin da ya rufe ta. Aka ji komai: dusashewar, da numfashin da yake ja da ƙyar, da inda ya nemi hawa sama muryar ta tsage ta dawo. Jiya ƙugi ya ɓoye duk wannan, shi kuma a kunnensa yana jin muryar da ya sani tun yana saurayi. Ya saurara kansa a sunkuye.

"Wannan ni ne?"

"Kai ne, Baaba. Irin waɗannan lasifikun ba sa yi wa murya kwalliya, don aiki aka yi su. A rediyon gida zai fi haka daɗi."

"Kada ka lallashe ni." Ya ɗago kai. "Ashe haka mutane suke ji tun bara, ba wanda ya gaya mini."

Imurana ya ce in yana so a goge, ya huta, a sake gobe. Malam ya taɓa wuyansa ya ce ta gobe ba za ta kai ta yau ba. A bar shi yadda yake, kada a cire ko tari ɗaya, a yi masa guda biyu, ɗaya a aika wa 'yarsa a Dogondutsi.

Ranar Litinin aka yi aikin. Ya rayu shekaru bayan haka, yana magana da hannu. In an yi suna a unguwa akan gayyace shi kamar da, ya zo da kaset ɗinsa a aljihu, a sa a rediyo, shi kuma ya zauna a kan tabarma cikin mutane yana saurare.