Rigar Jikanmu

Matata tela ce, kuma ba don tawa ba ce, a layinmu babu mai hannunta. Sai dai in ka kawo mata yadi, to ka haɗo da haƙuri. Za ta gama riga tun da hantsi, amma rigar ba za ta fita daga shago ba sai yamma, don sai ta juya cikinta, ta bi kowace kalmasa da yatsa, ta ɗaga ta a hasken taga, ta ninke, sannan ta warware ta sake daga farko. Allura take nema. Ba ta taɓa mance allura a kayan kowa ba, amma kullum zuciyarta ce mata take yau ce ranar.

Ni nawa aikin shi ne shaida. Ta ce, "Baban yara, duba min," in shafa in ce babu komai. Ta sauke ajiyar zuciya, kafin in kai ƙofa ta sake miƙo min.

Da ɗiyarmu ta haihu ne abin ya fara ci min rai. Matata ta ɗinka wa jaririn 'yar riga mai kyan gaske, amma ta kasa bayarwa. Yau sai gobe, gobe sai jibi, har yaron ya fi ƙarfin rigar. Ranar da ta gane haka na same ta a gaban keke tana kuka. Duk yaran unguwa da ɗinkinta suke yawo, jikanta kuwa kayan kanti yake sawa.

Ɗiyarmu ce ta ja ta zuwa wurin wata likita mai kula da damuwar zuciya, ni kuma na yi rakiya. Likitar ta ce ciwon waswasi ne, kuma ana samun sauƙinsa. Ta ce dubawar nan ita ke ciyar da tsoron. Abin yi shi ne matata ta duba sau ɗaya kamar kowane tela, ta ajiye, ta zauna da fargabar har ta sauka da kanta, a fara da ƙaramin abu. Sai ta juyo kaina.

"Kai kuma Baba, daga yau ka daina duba mata. Ko ta roƙe ka."

Na ji haushi, wallahi. Mutum ya zo rakiya, a sallame shi da nasa magani.

Da ni aka fara gwajin. Ta ɗinka min rigar filo, wai in ma akwai allura gara ta fara da mai taurin kai. Ta shafa sau ɗaya ta miƙo min, sannan ta zauna a kan hannuwanta, gumi na tsattsafo mata a goshi.

"Baban yara, ɗan taɓa gefen nan mana."

"Likita ta hana."

"Yau ka zama mai jin magana?"

Na tausaya mata ƙwarai, amma ban taɓa filon ba. Can sai ta ce da mamaki, "Ka san abin ya ɗan lafa?"

Daga filo aka koma labule, daga labule zuwa rigunan manya. Ba kullum ake nasara ba. Akwai ranar da ta farke ɗinkin wata mata tas, ta dawo gida tana cewa aikin banza ake yi. Likita ta ce faɗuwa irin wannan tana cikin tafiyar, aka ci gaba. In maƙwabta suka tambaye ni ko ta warke, ce musu nake tunanin yana zuwa har yanzu, sai dai ya daina samun kujerar zama. Shago ma yanzu da rana tsaka ake ba mutane kayansu.

Wata ranar hutu ɗiyarmu ta kawo yaron, ya yi ɓul-ɓul, har ya fara zama. Matata ta fito da sabuwar riga daidai shi. Da hannunta ta sa masa, ta ɓalla maɓallan tana ta yi masa wasa. Tana ɗaga shi kuwa ya canyara kuka.

Na ga yatsunta sun kai bakin rigar.

"Baban yara..." ta ce, idonta a kaina.

Amsar tana kan harshena, na haɗiye ta da ƙyar. Ita ma ba ta ƙarasa ba. Ta janye hannun, ta ɗora yaron a kafaɗa, tana bubbuga bayansa tana zagaya falo. Shi kuwa gogan sai ƙara murya yake. Can ya yi wata gyatsa irin ta manya, ya kelayo tumbuɗi a gaban sabuwar rigar, ya yi shiru yana kallonmu kamar ba shi ba.

Na fashe da dariya, ita ma ta kama, hawaye na zubo mata. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina.

Ɗiyarmu ta janyo jaka. "Kawo shi Mama, in canja masa."

Matata ta ƙara rungume shi.

"A'a, goge masa kawai. Bar shi ya ɗan ƙara zama a cikinta."