Bushin Babur ɗin Mai Aski

Mai aski ba shi da shago. Akwatin kayansa a bayan babur yake ɗaurewa, ya bi gida-gida yana yi wa tsofaffi da marasa lafiya aski. Da babur ɗinsa ya tsufa sai ya sayi wani na hannu, mai ƙarfi, amma duk inda ya sauka yatsunsa rawa suke yi kamar wanda ya wuni a bakin injin niƙa. Ranar da ya ɓantare wa surukinsa gefen gashin baki, tsohon ya daɗe yana kallon madubi. Daga nan mai aski ya zarce garejin yayan matarsa.

Yayan bakanike ne, mai tulin suma wadda ta daɗe ba ta ga almakashi ba. Ya kwance notunan da suka riƙe kan babur, ya zaro wasu 'yan zobba, ya ce bushi ke nan, su ne ke zama tsakanin kan babur da jikinsa. Mai babur ɗin na farko na ƙarfe ya sa, shi ya sa jijjigar inji take ƙarewa a tafin hannu. Ya zazzage gwangwani ya nuna masa baƙar roba mai laushi, wadda ke shanye jijjiga amma ba ta daɗewa, da wata ja mai tauri. Shi dai a son ransa a bar ƙarfen, don kan ba ya wasa a kwana, kuma yana ganin rawar hannun nan raki ne kawai.

Mai aski ya ce shi ba tsere yake zuwa ba, kawunan mutane yake taɓawa. Idan Yaya bai yarda ba, a gwada.

Bakanike ya zauna a kan tsohuwar taya ya sunkuyar da kai. "Ga kai nan. Ka zaga unguwa ka dawo ka ja mini layi."

Aka mayar da ƙarfen, mai aski ya zago, ya kunna kilifa. Layin ya fito kamar sawun maciji a yashi. Mai walda na kusa ya ajiye aikinsa ya zo kallo. Da baƙar roba layi ya miƙe sambal, sai dai a kwanar masu kayan miya kan babur ya yi masa lilo, saura ƙiris ya shiga kwandon tumatur. Da jar kuwa babur ya bi kwanar lafiya, hannun ma bai yi gardama ba.

"Yaya, wannan za ka ɗaure mini," in ji shi.

Bakanike ya ɗaure notuna, ya sake zama ya ce to a kwashe sauran sumar gaba ɗaya, kada ya shiga gida a haka. Mai aski ya fara daga ƙeya, ya kai tsakiyar kai, sai kilifa ta yi 'yar ƙara ta tsaya. Caji ya ƙare, garejin kuma babu wuta.

Mai walda ya yi dariya har da zama a ƙasa. Bakanike ya shafa rabin kansa, shi ma abin ya ba shi dariya. Ya kifa hular kwanon mai aski, ya hau bayansa, suka nufi gidan ƙanwar tasa inda ake da wuta. Tun daga ƙofa ya ce mata ba zai cire hular ba sai ta shiga ɗaki.