Rawar Wutsiya

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

To, shekarar da sojan sama suka ce suna son sabon jirgin yaƙi, garinmu Salt Fork da ke hamadar Kalifoniya ya rabe gida biyu. Kamfanin Ardell ya ƙera nasa, kamfanin Brackmore ya ƙera nasa, kuma ɗaya kaɗai za a ba kwangilar. Wanda ya faɗi, kwaɗo za a garƙama wa masana'antarsa. Ko a coci ba a haɗa benci, 'ya'yana. Gaisuwa ma sai da ta yi tsada.

Loretta Voss babbar injiniya ce a Ardell, mace mai kaifin ido da kaifin harshe. Tsohon mijinta kuwa, Dwight Kessler, matuƙin gwaji ne, irin waɗanda ake fara ɗorawa a sabon jirgi a ga ko zai tashi. Da can a Ardell yake, sai ya bar kamfanin ya bar matar a lokaci guda, ya koma Brackmore.

Wata safiya Loretta tana tuƙi a gefen shingen filin gwaji, sai jirgin Brackmore ya wuce ƙasa-ƙasa ya karya kwana. Ta ga wutsiyarsa tana karkarwa. Ta san wannan karkarwa. Jirgin Ardell na farko ya yi ta, da gudu ya yi gudu wutsiyar ta fille. Sun sha wuya kafin su gano maganin, suka kuma ɓoye shi ya zama sirrin kamfani. Ga shi ran Juma'a Dwight zai kai jirgin ƙarshen gudunsa a gaban janar-janar.

Ta shiga ofishin shugabanta a Ardell, Russ Gunderson, ko ƙwanƙwasawa ba ta yi ba.

"Russ, wutsiyarsu tana rawa."

Ya ajiye kofinsa yana murmushi. "Allah ya ƙara mata kiɗa."

"Mutum ne a ciki."

"Dwight ne a ciki. Yana da laimar sauka, ya diro."

"A wannan gudun ba a dirowa da rai, ka fi ni sani."

"Abin da na sani shi ne mutanen da ke cin abinci a kamfanin nan," in ji Russ. "Kika buɗe baki, ke kika rufe musu ƙofa. Koma bakin aikinki, Loretta."

Ta koma, amma aikin bai yiwu ba. Ta tsani Dwight, wannan ba ƙarya. Sai dai duk takardar da ta duba, wutsiyar nan take gani.

Washegari ta tafi gidan abincin Opal, inda 'yan Ardell ke zama ta bakin taga, 'yan Brackmore ta wajen kicin, ba mai ƙetare tsakiya. Loretta ta ƙetare. Cokula suka tsaya.

Dwight ya ɗago daga kan ƙwai da fankensa. "Ranki ya daɗe, injiniya. Ɓatan hanya ne, ko ruwan kofin ɓangarenku ne ya ƙare?"

"Rufe mini baki ka saurara. Kada ka kai jirgin nan ƙarshen gudunsa. Wutsiyar za ta fille."

Abokansa suka tuntsire da dariya.

"Russ ne ya aiko ki?" in ji Dwight. "Akwatin gawar da kuke kira jirgi ya kasa, kun koma ba da tsoro?"

"Da so nake ka mutu, sakarai, shiru zan yi. Shi ya fi sauƙi, kuma na yi tunaninsa."

"Mun san da 'yar rawar nan. Ba komai ba ce. Gaida mini Russ."

Nan ta gane gargaɗi kaɗai ba zai shiga wannan taurin kai ba, sai ta ba da abin da ba nata ba. Ta waiga ta ga mutanenta a bakin taga, waɗanda ta je bikin 'ya'yansu, duk sun zuba mata ido. Ta juyo ta faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ka ce wa injiniyoyinku su ƙara nauyi a gaban mahaɗar da wutsiyar ke juyawa a kai. Su kwance gindinta su duba, za su ga ya fara tsagewa."

Dariya ta ɗauke. Daga bakin taga wata murya ta ce, "Maciya amana. Miji ɗaya kika saya da garin nan duka."

"Ba mijina ba ne," in ji Loretta, ta fice.

Brackmore suka ɗaga tashin, suka kwance wutsiyar, suka tarar da tsagar, suka gyara, suka ci kwangilar. Ardell ta rufe masana'antarta, rabin garin ya kwashe kaya. Russ ya koma sayar da motoci a Nebada. Loretta tun a ranar da ta tona sirrin aka kore ta, ba kamfanin da ya ƙara ɗaukarta, ta tafi Oregon wurin ƙanwarta tana koyar da lissafi. Dwight ya yi ta tuƙi har ya tsufa, yana gaya wa 'yan jarida shi ya ji rawar a jikinsa, bai taɓa ambaton sunanta ba.