Kukan Bappayo da Babi na Biyar

Malama Falmata ta dawo mini da babi na biyar ranar Litinin, jan biro ya cinye shi kamar an yanka kaza a kai. Ita ke duba bincikena na kammala karatun jinya, kuma idan ba ta sa hannu ba kafin Juma'a ta wuce, to sai baɗi, ƙawayena su fita su bar ni.

Binciken a kan raɗaɗin da yara ke ji ne bayan tiyata. Muna da kati mai fuskoki, daga mai murmushi har zuwa mai hawaye, yaro ya nuna wadda ta yi kama da abin da yake ji. Na samu cewa yaran da iyayensu mata ke zaune kusa da su, kusan duk mai murmushi suke nunawa. Sai na baje kolin ilimi a babin tattauna sakamako, na ce zaman uwa yana rage ciwo, kamar yadda masu bincike na ƙasashen waje suka gano. Har sunayensu na jero, ina jin kaina.

Malama ta cire tabarau ta ce, "Najeeba, kin gaya mini abin da aka gani a asibitin wasu. Me ya sa ya faru a namu? Da yawan yaran nan zuciyarsu na bugawa da sauri, kin gani kin tsallake."

"Malama, ai sakamakon ɗaya ne."

"Ku Fulani ke nan. A nuna muku saniya a littafi ku yarda, ta ƙofar gidanku kuwa ba ku gan ta ba."

Babarbariya ce, ba ta barin wasan nan ya wuce ta ko a ofis. Na fito raina a ɓace, don ban ga abin da ya rage in faɗa ba.

Ana wata ga wata, washegari aka yi wa Bappayo aikin afendis. Ɗan yayata ne, Adda Sumayya, kuma ɗan fari, saboda haka tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" ne, ko "yaron nan". Shi ma Adda yake ce mata, kamar yadda ya ji muna faɗa.

Ranar Laraba da hantsi na same su a ɗakin yara. Adda na zaune a bakin gado ta juya masa rabin baya, tana jan carbi. Nas ta kawo kati, Bappayo ya saci kallon uwarsa, ya ɗora yatsa a kan mai murmushi. Nas ta ce masha Allah, jarumi, ta wuce gaba. Ni kuma na ce a raina, ga shaida har cikin gida, sai Malama ta zo ta gani. Gumin da ke goshinsa na ɗora wa zafin Gombe.

Can sai ga Goggo Uwa, kakarsa ta wajen uba, ta sauko daga keke napep tun daga unguwar Pantami da ƙwaryar fura a ɗaure. Adda na jin sallamar surukarta ta durƙusa ta gaishe ta, ta sulale waje.

Goggo ta riƙe haɓa. "Af! An yanka mini miji ba a shawarce ni ba? To na fasa auren, ba na zama da mai gida yana kwance ni ina nema."

Na zaci zai yi dariya ya rama, yadda suka saba. Sai bakinsa ya karkace, ya fashe da kuka.

"Goggo, zafi! Cikina kamar wuta!"

"Yi abinka, mijina. Wa zai ji? Daga ni sai kai."

Da gudu na kira nas. Wannan karon fuskar ƙarshe ya nuna, mai hawaye. Dama likita ya rubuta ƙarin magani idan an buƙata, aka ba shi. Kafin azahar ya saki jiki, har yana ce wa Goggo shi ma ya sake ta, ta tsufa. Na sunkuya na tambaye shi dalilin da ya ɓoye ɗazu.

Ya ce, "Anti, a gaban Adda?" Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum.

Na samu Adda a gindin darbejiya, idonta ja. Ta ce, "An ba wancan?"

"An ba shi. Adda, kin sani?"

"Tun safe nake ganin yana murɗe yatsun ƙafa. To yaya zan yi in tambaye shi a gaban mutane?"

Na rungume ta, tana ture ni, muna dariya muna share hawaye.

Na sake rubuta babin daga farko. Ban ce binciken wasu ƙarya ba ne. Na ce a wurinmu mai yiwuwa abin da zaman uwa ke ragewa shi ne faɗin ciwon, musamman ga 'ya'yan fari, kuma bugun zuciyar da na tsallake ya fi goyon bayan haka. Na ba da shawarar a duba jikin yaro tare da katin, a kuma sake tambayarsa a gaban wanda yake wasa da shi. Malama ta karanta da safiyar Juma'a, ta yi dariya har tana dukan tebur.

"Ashe Bafulatana na gani idan ta ga dama!" Ta sa hannu.

Ban tsaya ko'ina ba sai asibiti, ina ɗaga takardun sama. Ina cikin yi wa Adda albishir nas ta shigo da kati. Adda ta miƙe ta ɗauki buta, alhali darduma na shimfiɗe, yanzu ta idar da walaha.

"Bari in yi alwala," in ji ta.

A bakin ƙofa ta ja hannuna, ta yi ƙasa da murya, ba ta waiwayi gadon ba.

"Ki tambaye shi da kyau. Ba zan dawo da wuri ba."